Tambaya a kan kaurin zare da awon saƙa ga mai koyon saƙar kibiya

Maman Sadiƙ ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sana'ar saƙa. Ni sabuwar shiga ce a saƙar kibiya, domin abin da hannuna ya saba da shi shi ne kwarashi, shi ma ban wuce hula da takalmin jarirai ba. Ina so in saƙa wa ɗana rigar sanyi kafin hunturu ya kankama, kuma na samu takardar bayani a intanet wadda aka rubuta a Ingila. Takardar ta ce a yi amfani da zaren DK da kibiya mai kaurin milimita 4, ta ce ido 22, wato madaukan zaren da ake jerawa a kan kibiya, da layi 28 su ne za su ba da santimita 10 a faɗi da tsawo, sannan ta ce a ɗora ido 55 domin bayan rigar.

Zaren da na saya a kasuwa siriri ne, irin ƙananan dunƙulen nan da muka saba gani, kuma takardar da ke jikinsa ba ta faɗi komai ba sai nauyinsa da lambar launi. Mai shagon ya nuna mini wani daban da aka rubuta 5 ply a jikinsa, ya ce duk tafiyarsu ɗaya, amma da na taɓa su na ji kaurinsu ya bambanta. Kibiyoyin da nake da su kuma na goggona ne, lamba 8 kawai aka buga a kansu. Ina roƙon a fahimtar da ni abin da DK yake nufi, da dalilin da ya sa a bidiyon Amurkawa nake jin suna cewa lamba 3 ko lamba 4, da kuma ko wajibi ne in ɓata zare wajen saƙa wancan ɗan ƙyallen gwaji da takardar ta nace a kai. Allah ya saka da alheri.

Malama Mai Kibiya ta amsa:

Wa alaikumus salam, Maman Sadiƙ, barka da shigowa cikinmu. Abu na farko da ya kamata ki riƙe shi ne, idan masu saƙa na ƙasashen waje suna maganar nauyin zare, kaurin silin suke nufi, ba abin da dunƙulen zai yi a kan sikeli ba. Dunƙule mai giram 100 yana iya zama siriri kamar zaren ɗinki da aka ninka, yana kuma iya zama mai kaurin ɗan yatsa. DK sunan wani matsakaicin kauri ne, kuma shi ne takardun Ingila suka fi yawan nema a kayan yara.

Lambobin da kike ji a bakin Amurkawa tsari ne na wata ƙungiyar masu harkar zare ta ƙasarsu mai suna Craft Yarn Council, wadda ta kasa zare gida takwas, daga lamba 0 zuwa lamba 7, kuma duk yadda lamba ta hau, haka kauri yake ƙaruwa. Lamba 0 ita ce mafi siranta, ta mayafi mai raga-raga. Lamba 1 ita ce ta safa da kayan jarirai marasa nauyi, tana ba da ido 27 zuwa 32 a inci 4 da kibiya mai milimita 2.25 zuwa 3.25, kuma ita ce Turawan Ingila suke kira 4 ply. Lamba 2 ta ɗan ɗara ta kaɗan, ido 23 zuwa 26. Lamba 3 ita ce DK ɗin da takardarki take nema, tana ba da ido 21 zuwa 24 da kibiya mai milimita 3.75 zuwa 4.5, kin ga ke nan ido 22 da milimita 4 sun faɗo a tsakiyarta. Lamba 4, wadda za ki ga an rubuta worsted ko Aran a jikinta, tana ba da ido 16 zuwa 20 da kibiya mai milimita 4.5 zuwa 5.5, kuma ita ce ta fi yawa a takardun Amurka. Lamba 5 kuwa ido 12 zuwa 15 ce, daga nan sai masu kauri sosai na barguna da manyan mayafan wuya, waɗanda ba su da yawan amfani a yanayinmu. Inci 4 ya ɗara santimita 10 da ɗan abin da bai kai milimita 2 ba, shi ya sa ake ɗaukar su a matsayin awo ɗaya.

Maganar ply ita ce ta fi rikita masu koyo, kuma a nan ne ban yarda da mai shagon ba. Asalin ma'anarta ita ce yawan ƙananan silin da aka murɗe wuri ɗaya aka yi zaren. A Ingila da Ostireliya lambar ta rikiɗe ta zama sunan kauri, har ta kai a Ostireliya abin da ake kira DK su 8 ply suke ce masa, lamba 4 kuma 10 ply, ko da silin da ke ciki ba su kai haka ba. Zaren da ake shigo mana da shi daga Sin kuwa, sau da yawa yawan silin ne kawai suke rubutawa, don haka 5 ply ɗinsu bai gaya miki kauri ba sai kin gwada, tunda sili biyar sirara suna iya kasa sili uku masu kauri.

Abin da ya fi suna gaskiya a jikin takardar zare shi ne tsawonsa a mita idan aka haɗa shi da nauyinsa. Zaren lamba 1 yakan kai kimanin mita 400 a giram 100, DK na roba yakan yi tsakanin mita 250 da 300, lamba 4 kuma yana kewayen mita 200 ko ƙasa da haka kaɗan. Auduga ta fi zaren roba nauyi, saboda haka DK na auduga mitocinsa ba za su kai na roba ba a giram 100, alhali kaurinsu ɗaya. Wannan ne ya sa idan za ki musanya zaren da takarda ta ambata da wani, da mita za ki yi lissafi ba da yawan dunƙule ba. Idan takarda ta ce dunƙule uku masu mita 140 kowanne, mita 420 ke nan take buƙata, kuma idan naki mita 100 ne a dunƙule, sai kin sayi biyar. Ki kuma saye su a lokaci ɗaya masu lambar rini ɗaya, domin launi yakan saɓa kaɗan tsakanin rini da rini, kuma a jikin riga ne bambancin yake fitowa fili.

Tunda naki ba a rubuta mita ba, ki naɗa shi a jikin rula ko fensir, sili kusa da sili, ba tare da kin ja shi da ƙarfi ko kin matse su ba, ki ƙirga naɗi nawa ne ya cika inci ɗaya. A jadawalin Ravelry, wani shafin intanet na masu saƙa, naɗi 14 na zaren safa ne, 11 na DK, 9 na worsted, 8 na Aran, 7 kuma na mai kauri. Jadawalai sun saɓa wa juna kaɗan a wannan, kuma hannun mai naɗin yana iya sauya ƙirgen, don haka kusanto ki kawai zai yi. Idan kina da ƙaramin sikeli irin na masu yin kek, ki auna mita 20 ki ɗora, idan ya yi giram 7 zuwa 8, kina cikin yankin DK na roba.

Anti Mai Lissafi ta amsa:

Malama ta gama magana a kan zare, ni kuma zan ɗauki tambayarki ta ƙarshe, ƙanwata, domin a ganina ita ce mafi muhimmanci a cikin ukun. Ko da kin samu ainihin zaren da mai takardar ta yi amfani da shi, da ainihin kibiyarta, babu tabbacin hannunki zai ba da ido 22, saboda kowace mai saƙa da yadda take jan zarenta, kamar yadda mata biyu za su tuƙa tuwo da gari mudu ɗaya amma na ɗaya ya fi tauri. Waɗanda suka fito daga kwarashi ma sukan zo da nasu riƙon zaren, wasu su matse ƙwarai, wasu su saki. Milimita 4 ɗin da aka rubuta shawara ce ta inda za ki fara, amma ido 22 ɗin shi ne sharaɗi, domin a kansa aka gina duk lissafin rigar.

Ga yadda lissafin yake. Ido 22 a santimita 10 yana nufin ido 2.2 a kowace santimita, don haka ido 55 zai ba da santimita 25, gaba da baya su haɗu su zama santimita 50 a ƙirji. Idan hannunki ya ba da ido 20, wannan ido 55 ɗin zai zama santimita 27.5, rigar ta koma 55. Idan kuma ya ba da 24, bayan zai tsaya a kusan santimita 23, rigar ta zama kimanin 46, wadda wataƙila ba za ta rufe cikin yaron ba. Bambancin ido biyu kacal ke nan. A rigar babba abin ya fi muni, domin mai ido 220 a kewaye da ya kamata ta yi santimita 100 za ta zama 110 idan kina ba da ido 20, kuma wannan aikin makonni ne da za a warware.

Yadda ake yin gwajin shi ne ki ɗora ido fiye da abin da takarda ta ce, misali 30 ko 32, ki saƙa har ya kai kimanin santimita 14 ko 15 a tsawo, da irin saƙar da takardar ta ambata a wurin awon. Yawanci mai santsin nan ce, layi ɗaya saƙar gaba, layi ɗaya saƙar baya, wadda fuskarta take fitowa kamar jerin harafin V. Irin wannan saƙa tana naɗewa a gefe, saboda haka ki riƙa yin saƙar gaba zalla a ido uku na farko da uku na ƙarshe a kowane layi domin ƙyallen ya kwanta. Dalilin ƙara faɗin shi ne idon gefe kullum a karkace yake, ba a ƙirge da shi. Idan kin gama ki sauke shi daga kibiya gaba ɗaya, domin muddin yana kanta a baje yake ba a yadda zai zauna ba.

Daga nan ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa shi a kwance ya bushe, kada ki rataye. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali zare da yawa yana sauya hali bayan ya sha ruwa: auduga takan miƙe ta saki, ulu na gashin tumaki yakan kumbura ya cike ramuka, na roba kuma bai cika sauyawa sosai ba, sai dai idan an ɗora masa dutsen guga mai zafi, wanda zai kashe masa jiki ya saki har abada. Bayan ya bushe ki ajiye shi a kan tebur, ki ɗora rula mai tauri a tsakiyarsa, ba tef ɗin tela da ya tsufa ya miƙe ba, ki soka allura a farkon santimita 10 da ƙarshenta, ki ƙirga V nawa ne a tsakaninsu. Rabin ido ma ki ƙirga shi, kada ki yi masa rangwame, kuma kada ki ja ƙyallen ko ki tattara shi domin ya ba ki lambar da kike so. Ki yi haka a wuri biyu ko uku, sannan ki juya rular tsaye ki ƙirga layi.

Idan idonki ya fi 22, saƙarki ta matse, sai ki ɗauki kibiya mafi kauri. Idan bai kai 22 ba, ta saki, sai ki sauka zuwa mafi siranta. Masu koyo sukan juya wannan ƙa'ida a kansu, shi ya sa na rubuta ta dalla-dalla. Zaren gwajin kuma bai ɓaci ba, domin idan kin zo ƙarshen riga zare ya gaza, sai ki warware shi ki ƙarasa da shi. A takardun Ingila za ki samu wannan awo a ƙarƙashin kalmar tension, a na Amurka kuma gauge, abu ɗaya ne.

Hajiya Goggon Yara ta amsa:

'Yata, na karanta abin da malamanki suka rubuta, kuma ban musa ko ɗaya ba, amma ina so in rage miki nauyi kaɗan kada ki ji saƙa ta zama jarrabawar lissafi. Mu da muka koya a hannun iyayenmu ba mu san DK ba, muna ɗora ido ne mu yi 'yan layuka mu kara a jikin yaro ko a jikin tsohuwar rigarsa, idan ya yi faɗi mu warware mu rage. Idan kika duba da kyau wannan ma gwaji ne, sai dai a jikin rigar muke yin sa, kuma a rigar jariri asarar ba ta da yawa tunda bayan rigar bai fi ƙyallen gwajin girma da wani abin kirki ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne a bi takardar wani ido rufe ba tare da an auna komai ba sai an gama.

Kuma ba kowane aiki ne yake neman wannan tsanani ba. Bargon jariri ko shawul ko mayafin wuya, idan ya ƙaru da santimita uku babu wanda zai sani, abin lura kawai shi ne saƙar da ta saki ta fi cin zare a tsawo da faɗi, don haka ki tanadi ƙari. Amma hula da safa da riga mai wuya a rufe, waɗannan ba a wasa da awonsu, musamman wuya, domin kan jariri babba ne a kan jikinsa, kuma na sha ganin riga mai kyau da ta ƙi wuce kai. A rigar yaro kuwa, idan za a kuskure gara a kuskure ta wajen girma, tunda sanyin baɗi yana nan tafe.

Siririn zaren da kika saya shi ne muke ninkawa biyu, wani lokaci uku, mu saƙa su tare kamar sili ɗaya. Galibi biyu na siriri irin na lamba 1 sukan kusanci DK, amma ki gwada da kanki domin na kasuwa ba kaurinsu ɗaya ba, har a launi da launi na kamfani ɗaya nakan ji bambanci a hannu. Ki kuma tuna cewa idan kin ninka, mitocin da za ki buƙata sun ninka. Sannan bayan ƙirge, ki taɓa ƙyallen ki ɗaga shi ga haske. Kina iya tilasta wa zare mai kauri ya ba da ido 22 da siririyar kibiya, amma rigar za ta yi tauri yaron ya kasa lanƙwasa hannu, kina kuma iya samun 22 da siririn zare a babbar kibiya, amma iskar hunturu za ta ratsa ta. Idan lamba ta yi daidai jikin saƙar bai yi ba, zaren ne bai dace da takardar ba.

Maman Sadiƙ ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malama da Anti da Hajiya, Allah ya ƙara basira. Na ninka zaren biyu kamar yadda Hajiya ta ce, da na naɗa shi a rula ya ba ni naɗi 11, sai na saƙa ƙyallen da kibiyoyin nan masu lamba 8, na wanke na shanya. Abin da na samu shi ne ido 19 da layi 25 a santimita 10, kuma saƙar tana da laushi amma ina hango haske ta cikinta. Shin lamba 8 ɗin ita ce milimita 4, ko kuwa kibiyar ce ba daidai ba? Idan kuma na sauya kibiya ido ya yi daidai amma layi bai yi ba, wanne zan bi?

Malama Mai Kibiya ta sake amsawa:

Madalla da wannan ƙoƙari, Maman Sadiƙ. Lamba 8 tana da ma'ana biyu, ya danganta da inda aka yi kibiyar. A tsohon tsarin Ingila lamba tana hawa ne yayin da kibiya take sirancewa, don haka 8 ita ce milimita 4, 10 ita ce 3.25, 6 kuma milimita 5. A tsarin Amurka akasin haka ne, 6 ita ce milimita 4, 8 ita ce milimita 5, 10 kuma milimita 6. Lamba 7 ce suka haɗu a kanta, duka biyun milimita 4.5. Ki kwantar da tsakiyar kibiyar a kan rula ta gefen milimita ki duba kaurinta, ko ki nemi ɗan faifan awon kibiya mai ramuka idan akwai a shagon kayan saƙa na kusa da ke.

Naɗi 11 ya nuna zarenki yana yankin da ake so, kuma hasken da kike hangowa ya nuna kibiyar ce ta yi masa yawa ko hannunki yana saki. Idan kin auna ta fito milimita 5, ki sayi mai milimita 4 ki sake gwaji, ina kyautata zaton za ki kusanci 22. Idan kuma dama milimita 4 ce, ki sauka zuwa 3.5 ko 3.25, kuma kada lambar ta dame ki, domin babu mai tambayar da wace kibiya aka saƙa riga idan ta zauna a jiki. A yadda kike yanzu, ido 55 a kan awon 19 zai ba ki kusan santimita 29, ƙirji ya zama 58 maimakon 50, wanda ya yi yawa ko da an yi la'akari da girman yaro. Ki tuna kuma cewa bakin riga da bakin hannu, inda ake saƙar nan mai talewa kamar roba, takarda takan ce a yi su da kibiya mafi siranta, don haka duk sauyin da kika yi a babbar ki yi kwatankwacinsa a ƙaramar.

A kan ido da layi, ido za ki bi. Faɗi yana ƙayyaduwa ne tun lokacin da kika ɗora ido, ba ya gyaruwa sai da warwara, amma tsawo a hannunki yake, kuma yawancin takardu cewa suke yi a saƙa har aiki ya kai santimita kaza, sai ki bi rula ki manta da ƙirgen layi. Inda layi yake da tasiri shi ne wurin rage ido ko ƙara shi, kamar hammata da hannun riga da kafaɗa, inda ake cewa a rage a kowane layi na biyu ko na huɗu. Idan layinki 26 ne maimakon 28, layi 28 na takarda zai ba ki kusan santimita 11 maimakon 10, a rigar yaro wannan ba zai ɓata komai ba, amma idan tazarar ta fi haka sai ki ɗan kusanta wuraren ragewar. Idan kuma wata rana za ki saƙa hula a zagaye da kibiya mai igiya, gwajinta ma a zagaye za ki yi shi, domin a can babu layin saƙar baya, kuma mutane da yawa saƙar bayansu ta fi ta gaba saki, awon yakan fito daban. Ki rubuta zaren da kibiyar da lambobin da kika samu a ɗan littafi, ki maƙala guntun zaren a shafin, sannan ki sanar da mu abin da sabon gwajin ya bayar kafin ki ɗora idon rigar.